Farin Iya a Kan Sikelin Jirgi

Tun kafin mu kai Fallomi na gane cewa a cikin kayanmu duka babu abin da zai ba ni wahala kamar farin Iya. Likkafaninta ne. Ita ta noma audugar a bayan gidanmu na Gashuwa, ita ta gurje, ta kaɗa zaren da hannunta rani da damina, ta kai wa masaƙi ya saƙa mata sawaye, ta ɗinke, sannan ta naɗe shi ta rataye a ɗakin da take bandar kifi. Da muka gama dakon gyaɗa da ƙaro a tashar jirgin ƙasa ta Nguru, muka haɗa ɗan guzurinmu ni da Yaya Maina za mu yi gabas, sai ta sauko da shi ta cusa a burgamin fatar akuya ta miƙo mana. Ta ce mu tsoma mata shi a ruwan Zamzam, mu shanya shi a ranar Makka, mu dawo mata da shi, a ciki take so a rufe ta. Ba ta nemi tsaraba ba, ba ta kuma ce mu yi sauri ba, ta dai ce za ta jira.

Ni ta miƙa wa burgamin, ko da yake Yaya Maina ne babba. Shi ne ɗan farinta, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, ko ta dube shi ido cikin ido. In tana son magana da shi sai ta ce da ni, gaya wa ɗan'uwanka kaza, shi kuwa yana zaune a gefenta yana ji.

Matsalar farin nan ita ce ya sha hayaƙin banda shekara da shekaru. Duk inda muka sauka, ɓerayen garin su ne suke fara zuwa yi mana sannu da zuwa. Dole na riƙa matashin kai da shi, in zan shiga ruwa in rataye shi a reshe, in zan yi salla in ajiye shi a gabana. Yaya Maina yakan ce na mai da shi amarya, saura kawai in shafa masa lalle. Amma shi ma na sha kama shi ya kwance bakin burgamin ya sa hancinsa a ciki, ya daɗe bai ɗago ba. Ba na tanka masa, don ni ma abin da nake yi ke nan in ba ya nan.

A Fallomi muka yi damina guda muna su a babban kogin garin. Masuntan can suka yi ta dariya ganin mun nemi gora mun kwanta a kanta muna iyo kamar yadda ake yi a gida, su da suka saba da manyan kwale-kwale. Dariyar ba ta hana su sayen kifinmu ba. Daga nan muka shiga motar wani direba mai haƙorin zinariya da ya rantse mana har Abashe zai kai mu. A tsakiyar daji ya tsaya, ya ce kowa ya sauko da kayansa a tura mota ta fita daga yashi. Muka tura da zuciya ɗaya, ta fita, ta kuma yi gaba abinta. Har yau in na ga mutum mai haƙorin zinariya yana murmushi sai na ji ƙafafuna suna zugi. Da ƙafa muka ƙarasa Abashe, mu da wasu mutanen Haɗeja da matansu, muna shan ruwan da ko jaki sai ya yi tunani kafin ya sa baki.

A Abashe mai masaukinmu ya ga farin ranar da na shanya shi ya sha iska, ya murza shi tsakanin yatsunsa, ya ce saƙar yamma ce ta gaske. Ya ba ni shawarar in bar shi a wurinsa ajiya, wai ɓarayin hanya ba su barin irin wannan, in na dawo sai in karɓa. Na tambaye shi ko Zamzam ɗin ma a gidansa take. Washegari ya ce ɗakin da muke ciki na wani baƙo ne da ke tafe, muka kwashe tabarmarmu muka koma zango.

Tsakanin Janena da Fashir ciwon ciki ya kama Yaya Maina. Mutum ne mai ƙarfi, wanda yake ɗaukar buhun gyaɗa a Nguru yana waƙa, amma cikin 'yan kwanaki ya koma ina ɗaga shi da hannu ɗaya. Ayarinmu ya tsaya saboda shi a gindin wata bishiyar aduwa. Wani dattijo daga cikin mutanen Haɗeja ya jawo ni gefe ya ce in shirya, kuma tun da Allah ya sa muna da likkafani a hannu, ai an huta da nema. Bai yi maganar a hankali yadda ya zata ba. Da na koma, Yaya Maina ya kama wuyan hannuna.

"Sale, kada ka taɓa farin Iya saboda ni. Ba ni aka kaɗa wa ba."

Na ce masa ya daina irin wannan magana, zai tashi. Ya ce in rantse, na rantse. Da hantsi ya cika. Na tuɓe rigata ta kirki ɗaya tak, wata mata ta ba da tsohon mayafinta, dattijon nan ya warware rabin rawaninsa, da su muka rufe shi. Ƙafafunsa ba su rufu sosai ba, sai da muka ƙara da ganye. Burgamin yana rataye a reshen aduwar, sama da kabarin, har muka gama. Mutanen ayarin sun daina kirana cin abinci tare na kwana da kwanaki, ban kuma ga laifinsu ba.

Ba zan ja labarin Fashir da Lubayya ba. Na yi ɗiban ruwa, na yi yankan ciyawa, na yi gadin raƙuma. A can na fara jin sunan da ake kiranmu da shi, Takari, kuma na lura ba a faɗinsa sai an ɗan taɓe baki. Na koyi Larabcin kasuwa da na zagi, na koyi cin kisira, wata irin waina mai tsami siririya kamar takarda, wadda ba ta taɓa zama mini tuwo ba. A ƙarshe jirgin ƙasa ya sauke ni a ƙasar auduga da ke kewayen Madani. Ban taɓa ganin auduga haka ba, gona ɗaya sai ka yi tafiyar yini ba ka fita ba, magudanun ruwa sun ratsa ta a miƙe kamar an ja da igiya. Na tuna ɗan fegin Iya na bayan gida, da yadda take bin kowace ƙwarya tana tsincewa har wadda iska ta kai kan ƙaya, na zauna a bakin magudana na yi kuka kamar ba namiji ba.

A nan na haɗu da Baba Adamu, wani tsohon Bahaushe da ya baro Katsina zuwa Makka tun yana saurayi, har gemunsa ya yi fari bai ga teku ba. Shi ne kukun wani sansanin Turawa masu feshin maganin ƙwari a gonaki. Ganinsa ya tsorata ni fiye da duk abin da na gani a hanya, don na ga yadda ake zama a Sudan ba tare da an yi niyya ba. Shi ya samo mini aikin riƙe tuta. Aikin ba wuya a baki: ka tsaya a ƙarshen kunyar gona da farar tuta, jirgi ya nufo ka yana feshi, in ya wuce ka matsa gaba ka sake tsayawa. Abin da ba a gaya maka ba shi ne rabin maganin a kanka yake sauka.

Jirgin irin wanda yanzu ake ce wa mai saukar ungulu ne. A lokacin ba mu da suna gare shi. Ɗan ƙarami ne, gabansa gilashi kamar tulu, kujera ɗaya doguwa a ciki, bayansa ƙarafa tsirara, a samansa kuma wata fanka tana juyawa kamar mazarin Iya. Matuƙinsa wani Bature ne da muke kira Dogo, don sai ya naɗe ƙafafunsa yake shiga. Ranar da na fara aiki ya sauko ya wuce ta gabana, ya ji ina yi wa tutar tsaki da Hausa, sai ya tsaya ya ce, sannu da aiki, maza. Na kusa faɗuwa. Ashe ya zauna da sojojinmu a yaƙin Bama, ya tsinci 'yar Hausar bariki, wadda rabinta ba ta faɗuwa a gaban surukai. Daga ranar, in ya ga iska ta juyo da feshin kaina yakan ɗaga jirgin ya sake zagayowa, kuma sau da yawa ya miƙo mini gorar ruwansa in wanke idona. Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan. Ban taɓa cin abinci da shi ba, ban kuma san sunansa na yanka ba.

Akwai wani Baturen kuma, injiniyan jirgin, gajere mai jan wuya, wanda muka sa wa Mai Sikeli. Yana da sikeli rataye a ƙofar rumfarsa, irin na mahauta, kuma babu abin da yake shiga jirgin nan sai ya bi ta kansa. Dokar kamfanin ita ce matuƙi ba shi da ikon ɗaukar kayansa na kansa sai 'yar jaka ɗaya. Duk abin da ke cikinta sai Mai Sikeli ya gani, ya auna, ya yarda, sannan a ɗaure ta a ƙarƙashin kujera inda hannu zai kai. Ba a shiga da ashana saboda mai. Ba a kusantar da ƙarfe ga agogon da ke nuna gabas da yamma, don yana ruɗa shi. Ba a barin tsumma ko hula a sake, kada iska ta fizge su zuwa fankar baya. Ko a aljihu ko a ƙugu ba a yarda matuƙi ya rataya abin da zai iya sarƙe sandar tuƙi ba. Baba Adamu ya bayyana mini cewa in rana ta take iska takan yi laushi, jirgin da ƙyar yake ɗaga kansa, nauyin kaza ɗaya ma sai ya hana shi tashi. Ni dai a lokacin gani nake mugunta ce kawai irin ta gajerun mutane.

Kusan kullum sai sun yi cacar baki a kan jakar nan. Dogo ya so ya sa taba, aka hana. Ya so ya sa wani ɗan akwatin ɗaukar hoto, aka auna aka mayar masa. Abu ɗaya ne ya kafe a kai har Mai Sikeli ya saki, wata gajeriyar wuƙa mai lanƙwasa a cikin kube. Baba Adamu ya ce a yaƙi jirgin Dogo ya taɓa faɗuwa, ɗamarar da ke ɗaure matuƙi a kujera ta ƙi kwancewa, wuta na ci, sai wani soja ne ya yanke ta da wuƙar nan ya jawo shi, ya kuma bar masa ita. Don haka jakar Dogo ba ta wuce gorar ruwa, da tsohuwar hular fata, da ɗan ƙunshin magani, da wuƙar ba. Kafin ya tashi yakan sa hannu ƙarƙashin kujera ya taɓa ta, kamar yadda nake taɓa burgamina.

Wajen ƙarshen damina aka kai sansaninmu wata gona mai nisa da gari. Aka yi ruwa mai yawa ba a zata ba, baƙar ƙasar nan ta zama laka mai kama ƙafa kamar danƙo, motar kamfani ta nutse har gindi. Da ƙasa ta ɗan sha iska aka ci gaba da feshi, da wani sabon magani mai warin tafarnuwa. Da hantsi na fara jin kaina yana sarawa. Kafin azahar ina amai, gumi yana zuba, yawu ya cika mini baki, idona ya ƙanƙance har ina ganin duniya kamar ta ramin allura. Na faɗi a kunya da tutar a hannuna. Abokan aiki suka ɗauko ni suka kwantar a rumfar Baba Adamu, suka kwara mini ruwa.

Turawan biyu suka tsaya a kaina suna magana da sauri. Baba Adamu ya sunkuyo ya ce in ba a kai ni asibitin gari yau ba, ba zan ga gobe ba, mota kuma ba ta fita, don haka Dogo zai ɗauke ni a jirgi. Na ce a miƙo mini burgamina. Mai Sikeli ya girgiza kai. An riga an kwance tankunan feshi, an rage mai iya na zuwa da dawowa, ga rana a tsaka, ya ce ni kaɗai, ko takalmi ban da shi. Baba Adamu ya ce in bar burgamin a wurinsa amana. Na dubi tsohon nan da ya shekara arba'in yana cewa baɗi zai tafi Makka, na tuna sansanin feshi ba ya kwana biyu a wuri ɗaya, na rungume burgamin na ce in ba da shi ba, a bar ni a nan. Ba jarumta ba ce. Na riga na bar Yaya Maina a gindin aduwa da ƙafafu a waje saboda farin nan, ban ga yadda zan tashi sama in bar shi a rumfar kuku ba.

Dogo ya tambayi Baba Adamu mene ne a ciki. Aka gaya masa. Ya tsuguna ya kwance bakin burgamin, warin banda ya buge shi har ya kau da fuska, sannan ya taɓa farin da yatsa. Ya miƙe ya tafi jirgi, ya kwanto jakarsa daga ƙarƙashin kujera, ya rataya ta a sikeli, ya sauke, ya rataya burgamina. Allurar ta tsaya kusan wuri ɗaya. Ya ajiye jakarsa a kan teburin Mai Sikeli ya nuna burgamin, ya faɗa da Turanci, sannan ya juyo ya maimaita mini da Hausarsa ta bariki.

"Yau wannan kayana."

Mai Sikeli ya yi ja har kunne. Baba Adamu ya ce cewa yake dokar ta kayan matuƙi ce, ba ta kayan gawa ba, kuma jakar da aka yarda da ita ita ce wadda aka duba. Dogo ya ce to ya duba wannan, babu ƙarfe, babu ashana, bakinsa a ɗaure. Suka tsaya suna kallon juna, ni kuma ina shure-shure a ƙasa. A ƙarshe Mai Sikeli da kansa ya ɗauki burgamin ya ɗaure shi a ƙarƙashin kujera, ya ja igiyar sau biyu ya tabbatar. A cikin wannan gaggawa babu wanda ya tuna ya buɗe jakar da ke kan tebur ya ciro abu ɗaya daga ciki.

Ban ga kome a tafiyar ba, ni da na zama mutumin Gashuwa na farko, a iya sanina, da ya hau irin wannan jirgi. Na dai ji ƙara, da sanyi, da hannun Dogo yana dafa kafaɗata lokaci lokaci yana cewa ba kome, maza, ba kome. Na tuna an sauke ni a wani fili, mutane suna gudu da gadon ɗaukar marasa lafiya, sai ga shi ya biyo mu da dogayen ƙafafunsa ya ɗora mini burgamin a ƙirji. Daga nan ban ƙara sanin inda nake ba.

Na daɗe a asibiti. Da na fara zama da kaina sai ga Baba Adamu ya zo da kunu a kwano. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ba ni labarin laka, da motar da aka ciro da shanu, da tsadar albasa, har na gaji na tambaye shi Dogo. Ya ajiye kwanon. Ya ce a hanyar komawa, saura kaɗan ya iso sansani, injin ya tsaya. Dogo ya yi ƙoƙarin sauka a kan gaɓar babbar magudana, gaɓar ta jiƙe, ta zame, jirgin ya kife cikin ruwa. Manoma sun gani daga nesa, sun yi gudu cikin laka iya ƙarfinsu. Da suka iso suka same shi a kujerarsa, ɗamarar ta murɗe ta ƙi buɗewa, hannunsa ɗaya yana ƙarƙashin kujera. Ruwan wurin bai kai wuyan mutum a tsaye ba.

Ni ɗan masunta ne, na san abin da mutum yake iya yi a ruwa irin wannan in hannunsa ya sami wuƙa. Baba Adamu ya ce kada in ɗora wa kaina, wai likita ya ce ya bugu a kai, mai yiwuwa ko da wuƙar ba zai iya ba. Allah ne masani. Ya ce Mai Sikeli ya yini zaune gaban jakar nan, daga baya kuma kamfani ya ƙara wa dokar wani sharaɗi, cewa matuƙi ba zai tashi ba sai da jakarsa da aka duba, kuma ba shi da ikon musanya ta da kayan kowa ko da rai ne a kai. Tun ranar na daina zagin gajeren Baturen nan a zuciyata.

Na ƙara shekara ina tsinkar auduga kafin na kai Sawakin na haye teku. Na tsoma farin Iya a Zamzam, na shanya shi a ranar Makka, na tsaya a kansa har ya bushe ina korar tattabaru. Mutane a gefena suna kukan murna, ni kuwa na kasa. Abin da ya fi damuna shi ne da ya bushe sai warin banda ya tafi, na sa hancina ban ji ɗakinmu ba.

Dawowa ta ɗauke ni wasu shekaru, don ba a dawowa daga gabas sai an sake biyan hanya da gumi. Ta Kano na biyo, jirgin ƙasa ya sauke ni a Nguru, inda na tarar da wasu samari suna dakon gyaɗa a wurin da muke yi, babu wanda ya san ni. Motar kasuwa ta kai ni Gashuwa. Iya tana raye. Idonta ya tafi, bayanta ya lanƙwashe, amma tana zaune a ƙofar ɗakin bandarta tana juya tarwaɗa da hannu. Labarin Yaya Maina ya riga ni isowa ta bakin mutanen Haɗeja. Na durƙusa na ɗora mata burgamin a cinya, ta kwance, ta shafa farin daga wannan baki zuwa wancan, ta ce Allah ya yi mini albarka.

Bayan 'yan barka sun ragu na ba ta labarin Dogo, tun daga sikeli har magudana. Ta saurara ba ta katse ni ba. Sannan ta tambaye ni ko yana da uwa. Na ce ban sani ba. Ta tambayi sunansa, na ce ban sani ba. Ta yi ta murza bakin farin, har na zaci ta gama, sai ta juya fuskarta wajen bango.

"Ɗan'uwanka fa, da me aka rufe shi?"

Na gaya mata gaskiya, rigata, da mayafin wata mata, da rabin rawani, da ganye. Ta ce wannan yana ina a lokacin. Na ce yana rataye a reshe, shi ya hana a taɓa, ya sa na rantse. Ba ta yi kuka ba, uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane. Ta naɗe farin ta mayar cikin burgami, ta ce in rataye mata shi inda yake a da.

Da sanyin shekarar, wata ranar kasuwa, motar Nguru ta sauke wani mutum da zazzaɓi a jikinsa. Ya kwanta a rumfar masu barkono, kafin la'asar ya cika. Babu wanda ya san shi, babu wanda ya gane yaren da ya yi ta sambatu da shi, carbin da ke wuyansa ne kawai ya nuna Musulmi ne. Ina bakin kogi ina gyaran komar kamun kifi aka zo aka ce mini Iya ta sa maƙwabciyarmu ta ja ta har kasuwa da burgami a ka. Na yar da komar na yi gudu. Na same ta a ƙofar gidan liman, an riga an karɓi farin an shiga da shi.

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na ce, Iya, kin san abin da farin nan ya ci? Na ce a bar ni in je kanti in yanko wa baƙon yadin akoko, ko nawa ne, a fito mata da abinta. Ta lalubo hannuna ta riƙe, a daidai inda Yaya Maina ya riƙe.

"Na sani, Sale. Shi ya sa ba zan iya kwanciya a cikinsa ba. Wannan baƙon ma wata ce ta haife shi, tana can tana jira."

Na bi gawar har maƙabarta, don ba yadda zan yi. Farin ya rufe shi ruf, har ya yi saura a wajen ƙafafu, aka naɗe aka ɗaure. Ni na karɓe shi a cikin kabari, na ji saƙar a tafin hannuna karo na ƙarshe.

Iya ta rasu da damina ta zagayo. A akokon kanti muka rufe ta, wanda na yanko da safiyar ranar, yana warin sabon yadi. Mutanen unguwa har yau suna yaba abin da ta yi, liman ma ya sha kawo shi a wa'azi, ni kuwa in an fara sai in tashi in ba su wuri. Burgamin yana nan rataye a ɗakin bandar, babu kome a ciki. Wani lokaci nakan sauko da shi in kwance bakin, don fatar ta riƙe warin da farin ya saki.